Kwamfutar kwantam ta iso Saudiyya, ya kamata kiɗanmu ya shiga tun da wuri

A shekarar 2024 kamfanin man fetur na Saudiyya, Aramco, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Pasqal na Faransa domin kafa kwamfutar kwantam mai kubit 200 (kubit shi ne ƙwayar bayanin da irin wannan kwamfuta ke aiki da ita) a Saudiyya. Harkar makamashi ce ta kawo ta, amma masu kiɗa ma suna da rabo a cikinta, kuma ina ganin Hausawan Makka da Jidda bai kamata su bari a yi babu su ba.

Kwamfutar da muka saba da ita tana aiki da sifili ko ɗaya. Kubit kuwa yana iya zama cikin haɗakar halayen biyu har sai an auna shi, sannan ya ba da sakamako gwargwadon yiwuwar kowanne. Farfesa Eduardo Miranda na Jami'ar Plymouth a Ingila ya yi amfani da wannan ɗabi'a wajen zaɓen sautin da zai biyo bayan wani. Har yanzu dai waɗannan na'urori ba su fi kwamfutar yau iya tsara kiɗa ba, gwaji ake yi.

Lokacin gwaji kuwa shi ne lokacin da ake kafa ƙa'ida. Tsarin MIDI, wanda kayan kiɗa na lantarki ke amfani da shi wajen sadarwa da kwamfuta, da aka fitar a 1983, an gina shi a kan sautuka 12 na kiɗan Turai, shi ya sa mawaƙin Hijaz mai rera maƙamin Bayati, wani salon karin waƙar Larabawa, sai ya yi dabara kafin madannai su ba shi sautin da ke tsakani. Kalangu ya fi shan wahala, domin makaɗi yana matsa igiyoyinsa a hammata, sauti yana hawa yana sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai saurare ya gane kirarin da ake yi masa ba tare da an furta kalma ba. Na'urar da ba ta san wannan ba, za ta mayar da shi ganga kawai.

Saboda haka ina kira ga 'ya'yanmu masu karatun lissafi da kimiyyar kwamfuta, har da waɗanda ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) a garin Suwal kusa da Jidda, su zauna da dattawan makaɗanmu, su naɗi kiɗansu, su auna hawa da saukar sautinsa, sannan su kai wa Hukumar Kiɗa ta Saudiyya da aka kafa a 2020 wannan aiki a rubuce domin ta tallafa masa.