Zaure ne, ba shago ba

Na dawo daga sallar La'asar na tarar an manna mana takardar harajin gida a ƙofa, wai gidanmu na Gwammaja "wurin kasuwanci" ne. Dalili? Hajiya tana ajiye farantin ƙuli-ƙuli da robar man gyaɗa a zaure. Shi ke nan zaure ya zama shago!

Wanda ya yi kimar ko sallama bai yi ba. Daga bakin kwata ya tsaya, ya ga shafen siminti ya rubuta ginin bulo, alhali katangar ƙasa ce tun ta kakanmu, duk damina sai mun yi mata yaɓe.

Ni ban ƙi biya ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi hurumin kimanta gidaje don wannan haraji, kuma daban yake da kuɗin ƙasa na masu takardar mallaka. Amma a shigo a duba mana!

Na ɗauki hotuna, na haɗa da rasit ɗin bara, na rubuta ƙorafi na kai ofishinsu, na ce sai an buga mini hatimi a kwafina. Ma'aikacin ya ce, "Malam, oga ya fita, ka dawo Litinin." Litinin ta uku ke nan.