Kwali ya ce "babu ƙura", rim ya ƙaryata shi

Ni fa na gaji da rainin wayon da ke cikin cinikin takalmin birki. Duk kwalin da ka ɗaga yanzu an buga masa "seramik", an ƙara da "babu ƙura", wani har da "babu ƙara". Ka biya ƙarin kuɗi, a ɗaura maka, kafin ka ankara rim ɗin gaba ya yi baƙi ƙirin. Ka koma ka yi magana, mai kaya ya ce tuƙinka ne, bakanike ya ce ai haka motar take. To in haka motar take, a kan me kuka karɓi ƙarin kuɗin?

Babu takalmin birkin da ba ya ƙura, kuma sun sani sarai. Gogayya ce ke tsayar da mota, takalmi ya matse faifan birki da ke juyawa tare da taya, kowanne ya ci ɗan'uwansa, abin da ya zube shi ne ƙurar. Kaso mai yawa na baƙin nan ma daga jikin faifan yake fitowa, domin zubin baƙin ƙarfe ne. Yana tashi da zafinsa, ya faɗa kan fentin rim ya lafe, ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa. Ka goga yatsa a lungun rim ɗin gaba ka gani, baƙin zai biyo ka, amma a ƙarƙashinsa akwai 'yan ɗige-ɗige ruwan ƙasa masu kaushi da farce ke ji, waɗanda sabulu da soso ba sa ko gezau da su. Na gaba ya fi na baya baƙi saboda nauyin mota gaba yake komawa in an taka birki. Abin da seramik na gaske yake yi kawai shi ne ya rage yawan ƙurar, launinta ya yi haske, kuma ba ta cika kama fenti ba. Ragewa ce. Me zai hana a rubuta hakan a kwali?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoye abin da ka rasa. Takalmi mai haɗin ƙarfe yana ƙura, yana cin faifai, wani lokaci yana kuka, amma yana kamawa da ƙarfi kuma yana jure zafi. Shi ya sa motocin Jamus irin su BMW da Mercedes suka yi suna wajen baƙanta rim, masu ƙera su kamu suka zaɓa, suka bar wa mai mota wanki. Seramik ya fi tsabta da shiru, amma da yawansa ba ya cafka irin ta wancan, kuma ba shi ne zaɓin farko ba ga motar da ke jan kaya ko sauka doguwar gangara da lodi. Wannan ciniki ne, ka ba da wani abu ka karɓi wani. Haƙƙin mai mota ne a gaya masa kafin ya biya. Ita kuwa kalmar "seramik" babu wani ma'auni da ya ce sai haɗin ya kai kaza kafin a buga ta, don haka mai barbaɗa ɗan kaɗan da mai yin na ƙwarai duk suna ɗaya suke amsawa a kan kanta.

Alhali akwai abin dubawa, a jikin takalmin ma yake. A gefensa ko bayansa, takalma da yawa suna ɗauke da haruffa biyu a ƙarshen lambarsu: EE, FF, GG da makamantansu. Na farko ƙarfin kamu ne a matsakaicin zafi, na biyu in birki ya ɗau zafi sosai. A ma'aunin gogayya, E yana tsakanin 0.25 da 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. A Turai kuma akwai ƙa'idar ECE R90, wadda ta ce takalmin canji kada aikinsa ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, kuma ana buga alamar a jiki da kwali. An taɓa cire wa motata takalmi mai GG aka ɗaura mai EE da sunan an ƙara mata inganci. Feda ta koma sai na danna da ƙarfi kafin motar ta saurare ni. Da na ajiye tsohon da sabon a gaban mai kayan, na nuna masa haruffan, sai ya juya su, ya sake juyawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan lambar kamfani ce kawai." Mutumin da ke sayar da abin da rayukan mutane suka rataya a kai, bai taɓa sanin me aka rubuta a bayansa ba! Kwalin kuwa ya haddace shi tsaf.

Ga jabu kuma. Sunayen kamfanonin kayan birki irin su Brembo da Akebono da Bosch da Textar ba su tsira daga masu kwaikwayon kwali ba, kuma na jabun ne ya fi kowa ihun "babu ƙura". Wani gaskiya ne ba ya ƙura sosai, don ya yi tauri har ba ya kama komai.

Sai mu zo kan abin da suke kira ƙara wa birki ƙarfi, inda wasan ya fi muni. Ka shiga da kukan ƙura, ka fito an lissafa maka faifai mai huji-huji, kalifa (abin da ke matse takalmi a jikin faifai) mai jan fenti, har da murfin roba da ake manna wa kalifa don ta yi kama da ta motar tsere. Haba! Murfin ado me ya haɗa shi da tsayawa? Faifai mai huji kyan gani ne, amma na banza yakan fara tsagewa daga bakin hujin in ya sha zafi, mai tsaga-tsaga kuma yana ƙara cin takalmi, wato ƙurar da ka zo gudu ita aka ƙara maka. Manyan faifai da manyan kalifa suna da amfaninsu na gaske: suna ɗaukar zafi, birki ba ya sanyin jiki in ana ta taka shi a jere. Amma a taka guda ta gaggawa, muddin birkinka na asali yana iya kai taya ga inda ABS, na'urar da ke hana taya cijewa, zai fara aiki, abin da ya rage tsakanin taya ne da kwalta. Mai sudaddiyar taya ko birkin jirgin sama aka ɗaura masa, sai ya zarce. Wa ya taɓa jin mai sayar da faifai ya ce je ka fara canza taya?

Kuma abubuwan da ke gyara birki da gaske, su ne ba a ko kallo, don ba su da riba. Man birki yana shan danshi daga iska. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa ma'auninsa yana sauka zuwa wajen 155. DOT 3 daga 205 zuwa 140. In ya tafasa a gangara feda sai ta nutse har ƙasa, kuma babu takalmin da zai cece ka. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canza shi duk shekara biyu, amma sai dai a buɗe murfi a ƙara a rufe. Ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kai sukan bushe su cije, takalmi ya yi ta gugar faifai ko ba ka taka ba, rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa baƙi da zafi. In ka ga haka, ba haɗin takalmi ba ne matsalar, wanki da man shafawa na birki ƙusoshin ke so. Faifai yana da iyakar kaurin da aka buga a jikinsa, amma wa ke aunawa? A ɗora sabon takalmi a kan faifan da ya yi kunya-kunya, a miƙo maka makulli, ko a ce maka ka bi shi a hankali da 'yan taka matsakaita har ya zauna ba a yi. Gobe ya fara kuka, a ce ka kawo kuɗin wani.

Sannan don Allah a daina hure birki da iskar kwamfuresa a fuskar mutane. Ƙurar nan ba ta tsaya a rim ba, tana shiga huhu. Tsofaffin takalma da asbestos, wani ma'adini mai illa ga huhu, aka yi su, kuma ba kowace ƙasa ce ta hana shi ba har yau. Jihohin California da Washington a Amurka sun yi doka tun 2010 don rage jan ƙarfe a takalmin birki saboda yana wankewa cikin koguna yana cutar da kifi, iyakar ta sauka ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari a 2025. Tarayyar Turai a dokar Euro 7 da ta amince da ita a 2024 ta sa wa ƙurar birki iyaka, miligiram 7 a kowace kilomita ga motocin fetur da dizal. Hukumomi suna auna ta da miligiram, bakanike kuwa yana busa wa yaron shagonsa ita a hanci yana dariya.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Mai kaya ya buɗe kwali ya nuna mini haruffan, ya ce wannan zai rage maka wanki amma feda za ta so ƙarin ƙarfi, wancan zai ɓata rim amma zai kama. Bakanike ya auna faifai, ya zare ƙusoshin kalifa ya duba, ya gaya mini yaushe rabon man birki da canji. Wanda ba zai iya wannan ba ya riƙe jan fentinsa, ni kuma a maido mini da irin takalmin da motar ta zo da shi, in ya so in ci gaba da wanke rim ɗina.