Diego Garcia ba kufai ba ne

Wani marubuci ya yi gaskiya da ya ce sansanin sojan da ke Diego Garcia, wani tsibiri a Tekun Indiya, na da muhimmanci ga Amurka, domin daga can jiragen B-52 suka tashi suka yi ruwan bama-bamai a Iraƙi a 1991 da Afganistan a 2001, amma ya tsallake yadda aka samu filin. Birtaniya ta raba tsibiran Chagos, waɗanda Diego Garcia ke cikinsu, da ƙasar Mauritius a 1965, ta bai wa Amurka izinin amfani da su a 1966, sannan tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mazauna wurin, manoman kwakwa da masunta, aka zube su a Mauritius da Seychelles, har karnukansu aka kashe. Mai sharhin da ya ce tsibirin kufai ne tun asali, ya sake bincike. A 2019 Kotun Duniya ta ce Birtaniya ta janye daga tsibiran, amma yarjejeniyar mayar wa Mauritius tsibiran da aka sa wa hannu a 2025 ta bar sansanin na shekara 99. To, idan ikon mallaka ya koma Mauritius, me zai hana 'yan Chagos komawa Diego Garcia kanta, inda kaburburan kakanninsu suke?