Hot Rats Ba Kame-kame Ba Ne

Yana damuna in ji ana cewa faifan Hot Rats na Frank Zappa, makaɗin nan na Amurka, kame-kame ne kawai, wai an shiga ɗakin ɗaukar sauti kowa ya buga abin da ya ga dama. Masu wannan ra'ayi suna da dalilinsu. A kiɗa 6 da ke faifan, wanda ya fito a 1969, ɗaya ne kaɗai aka yi waƙa a kai, kuma akwai inda jita ko goge ke jan zango kamar ba za su tsaya ba.

Lallai akwai ƙirƙirar nan take, al'adar jaz ce, amma a kan tsari ake ɗora ta. Saurari "Peaches en Regalia", kiɗan farko, wanda bai kai minti huɗu ba. Zappa ne ya tsara shi. Ian Underwood, makaɗin da ya yi aiki da Zappa a faifan, shi kaɗai ya busa sarewa, kilarinet da saksofon, ya kuma buga fiyano. Ɗaya bayan ɗaya aka ɗauke su, ana jera su a na'urar ɗaukar sauti mai layi 16, wadda sabuwa ce a lokacin. Kafin ya sa baki a busa ta biyu, dole ya san daidai inda ta farko ta shiga da inda ta yi shiru.