Wa ke zaɓen alƙalin da zai busa wasa?

Duk ranar da aka ba da fanareti mai janyo ce-ce-ku-ce, alƙalin wasa ne ke shan zagi, daga filin wasa har zuwa shafukan sada zumunta. Da wuya ka ji an ambaci mutanen da suka zauna a ofis suka ce shi ne zai busa wasan, alhali a wurinsu ya kamata a fara bincike.

Abin da ya faru a Italiya a 2006 ya isa hujja. An naɗi muryar Luciano Moggi, babban daraktan Juventus, yana waya da Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto, mutanen da ke raba wa alƙalan Serie A, babbar gasar ƙasar, wasanni. Shugaban ƙungiya yana tattauna batun alƙalai da masu naɗa su! Daga ƙarshe aka ƙwace kofuna biyu daga hannun Juventus, aka jefa ta Serie B, gasar rukuni na biyu. A Sifaniya kuma, Barcelona ta biya kamfanonin José María Enríquez Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan ƙasar, sama da yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018. Ƙungiyar ta ce kuɗin rahotanni ne kan alƙalai, ta musanta sayen kowa. Ko da a ce gaskiya ta faɗa, ta yaya za ka shawo kan ɗan Real Madrid ko Sevilla ya yarda da hukuncin da aka yanke a waɗancan shekaru? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ingila ta ɗan yi ƙoƙari. Kowane alƙali yana bayyana ƙungiyar da yake goyon baya, shi ya sa ba a ba Michael Oliver wasan Newcastle. Amma a Afrilun 2024, bayan Everton ta doke Nottingham Forest da ci 2-0, Forest ta fito fili ta ce mai kula da VAR (bidiyon da ke taimaka wa alƙali), Stuart Attwell, mai goyon bayan Luton ne, ga shi kuma Luton da Forest na fafutukar tsira daga faɗuwa. An ci tarar Forest fam 750,000. Ta wuce gona da iri, domin ta ɓata sunan mutum ba tare da hujja ba, kuma wannan zalunci ne. Sai dai tambayar da ta tayar tana nan: me ya sa za a saka mutum a wasan da sakamakonsa ya shafi ƙungiyar da ake danganta shi da ita?

Na yi imani yawancin alƙalai masu gaskiya ne, kuskurensu na ɗan Adam ne. Hukumominsu ne ke jefa su bakin magoya baya, ta hanyar yin naɗi a ɓoye. A wallafa ƙa'idojin naɗin, a bayyana wa ke yanke shawara, a haramta duk wata hulɗar kuɗi ko kiran waya na sirri tsakanin shugabannin ƙungiyoyi da kwamitin alƙalai, wanda ya karya kuwa a kore shi daga harkar ƙwallo.