Sauya mai ba da labari a mangar soyayya: gwaninta ce ko wankin saurayi?

Masu karatun manga, wato littattafan labari cikin zane na Japan, ku matso, yau da ku nake. Akwai dabarar da marubutan soyayya na Japan ke yawan amfani da ita, mutane na yabonta ido rufe, ni kuwa ina ganin sau da yawa wayo ake yi mana da ita. Ina nufin sauya mai ba da labari. Ka yi babi goma cikin zuciyar yarinya, ka san tsoronta da abin da take ɓoyewa, kwatsam ka buɗe babi na gaba ka ji wata murya daban, ta saurayin, ko ta ƙawarta, ko ma ta wadda suke takarar saurayin tare.

Ga wanda bai saba ba, a manga abin da mutum ya furta da baki ana sa shi cikin da'ira kusa da fuskarsa. Zancen zuci kuwa akan sa shi cikin akwati, ko a bar shi yana yawo a jikin shafin ba shinge. Wannan salon ya yi ƙarfi ne a shekarun 1970, lokacin da mata irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya suka sake fasalin mangar 'yan mata, wadda ake kira shojo, har shafi ya zama wurin nuna abin da ke cikin rai. Duk wanda marubuciya ta ba wannan filin, shi mai karatu zai tausaya wa, ko yana so ko ba ya so. Ashe ke nan zaɓen wanda zai yi magana ba ƙaramin iko ba ne.

Ɗauki Kare Kano na Masami Tsuda, wanda ya fito a mujallar LaLa daga 1996 zuwa 2005, kundi 21. Yukino ce ta buɗe labarin, kuma da tonon asirin kanta ta fara: a makaranta ita ce ɗaliba abar koyi, mai ladabi da ƙoƙari, a gida kuwa 'yar son yabo ce da ke kwana tana haddar karatu don kawai a ce ta fi kowa. Ta idonta muka san Arima, yaro mai hankali, ɗan manyan gida, wanda ya gano sirrinta kuma ya so ta a haka. Mun san ɗan'uwan mahaifinsa ne ya riƙe shi, mun san yana da tabo, amma daga nesa. Sai can a kashin ƙarshe Tsuda ta miƙa masa labarin gaba ɗaya. A nan muka shiga cikin yaron da uwar da ta haife shi ta azabtar tun yana ƙarami, wanda duk lokacin da Yukino ta yi sabuwar ƙawa ko ta sami abin da ke faranta mata rai ban da shi, cikinsa ke ƙuna, fuskarsa na murmushi. Wuraren da ka wuce a baya kana cewa kai, wannan yaro akwai haƙuri, idan ka koma musu sai tsigar jikinka ta tashi. Wannan ita ce gwanintar. Murya ta biyu ta sauya ma'anar abin da ta farko ta faɗa maka.

To amma a cikin wannan littafin ne kuma na ga illar abin. A wannan kashin Arima ya cutar da Yukino cutarwa mai muni, kuma da yake muna zaune cikin kansa, zafinsa muka fi ji a kan nata. Ita aka bari da aikin fahimta da yafiya. Kamar a kai ƙara wurin mai unguwa ne, a ba wanda ake ƙara yini guda yana bayanin yadda ya taso, mai ƙara kuwa a ce mata ta yi haƙuri.

Idan gwana irin Tsuda ta zame a nan, ina ga masu kwaikwayo? Ga yadda suke yi: saurayi ya yi wa yarinya wulaƙanci a gaban 'yan aji, ya share ta wata guda, ta yi kuka har ta gode Allah. Babi na gaba sai a buɗe mana zuciyarsa, wai sonta ne ya yi masa yawa, kunya ce ta hana shi magana. Shi ke nan an wanke shi tas. Bai ba ta haƙuri ba, bai canza hali ba, mu aka ba uzurin, ita ko labari ba ta ji ba. Ni wannan babin wanki nake ce masa, kuma da na hango shi nake fara zargin marubucin.

Wadda ta fi burge ni a wannan fanni Ai Yazawa ce, a Nana. (Ba littafin yara ba ne, na faɗa tun da wuri.) Ya fara fitowa a mujallar Cookie a 2000, ya tsaya a 2009 saboda rashin lafiyar marubuciyar, a kundi na 21. 'Yan mata biyu masu suna ɗaya, Nana Komatsu da Nana Osaki, suka haɗu a jirgin ƙasa zuwa Tokyo, daga baya suka kama gida tare. Zancen zucin daga wani lokaci can gaba yake fitowa, ɗaya na kiran sunan ɗaya, cike da nadama, ba ka san me ya raba su ba. Komatsu na kallon Osaki a matsayin jaruma mawaƙiya da ba ta buƙatar kowa. Da Osaki ta karɓi magana sai ga yarinyar da uwarta ta tafi ta bar wa kaka, mai tsoron a sake barinta, har son ƙawar tata ya koma son mallaka. Ba wadda aka wanke. Kowacce ta ƙara wa kanta laifi da bakinta, kuma duk da haka ka fi sonta.

Wani lokacin ma dalilin sauyin kasuwa ce. Babi-babi ake sakin labaran nan a mujalla, kuma muddin masu karatu na saye, kamfani ba ya son a rufe. Kimi ni Todoke na Karuho Shiina ya kai kundi 30 kafin ya ƙare a 2017, alhali taurarin labarin, yarinyar Sawako da saurayin Kazehaya, sun fahimci juna tun labarin bai kai rabi ba. Me za a cika sauran da shi? Sai aka juya ga ƙawayen Sawako, Chizuru da Ayane. Ban yi fushi ba, don labarin Ayane, wadda ke shakkar ko ta taɓa son wani da gaske, ya fi na manyan taurarin kama ni. Kaguya-sama na Aka Akasaka kuma nasa daban ne, tun shafin farko an buɗe mana zuciyar saurayin da ta yarinyar duka, dariyar ma daga nan take fitowa, don haka ba na sa shi a wannan shari'ar.

Marubutanmu na Hausa da ke sakin littafi a Wattpad da WhatsApp su ma wasunsu na yin haka, a rubuta sunan jarumi a saman shafi a ce ga nasa ɓangaren. Abin da nake yawan tararwa shi ne a maimaita mini abin da na riga na karanta, ƙarin kawai shi ne yadda kyan yarinyar ya tafi da imaninsa. Idan za ki ba shi babi, 'yar'uwa, sa shi ya faɗi abin da zai ji kunyar ta sani. In kuma ya zalunce ta a babin baya, a mayar mata da maganar kafin a kai ga sulhu, ina son jin ta bakinta.