Ni da RAM, Araha Ba Ta Ado

Wata takwas na yi ina zubin adashe don in haɗa kwamfutar tebur, saboda tsohuwar laftof ɗina in na ɗora mata bidiyon biki sai ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Da na kwashi kuɗina na sayi furosesa Ryzen 5 7600 da madabod B650, wato faifan da ake dasa duk kayan a kansa, da sauran tarkace. RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kaɗai ta rage, aljihu kuma ya fara ɗaukar iska.

A nan wayo ya zo min. Na hau adaidaita zuwa Titin Beirut, na sami wani mai shago da ke da tsohon samfurin RAM, DDR4, ta hannu, guda biyu, kowace giga 16, kuɗinta ƙasa da na sabon samfuri DDR5 nesa ba kusa ba. Ya ce, "Yallaɓai, wane madabod gare ka?" Na ce masa kar ya damu, na san aikina. Na ma kawo masa hujja: ai duka biyun fil 288 gare su. Ya dube ni, ya karɓi kuɗinsa, ya ce Allah ya sa albarka.

Da na isa gida na shimfiɗa tabarma, na baje kaya. Maman Ummi ta ɗaga RAM ɗin da yatsa biyu ta ce, "Yanzu Baban Ummi, wannan abin da bai kai mataji ba shi ya hana mu canza labule?" Ban tanka ba. Na danna, ta ƙi shiga. Na juya ta, na sake dannawa da bismillah, madabod ya yi wata 'yar ƙara da ta tsinka min zuciya. Ashe ɗan tsagin da ke tsakiyar filolin bai zo daidai da haƙorin ramin ba, da kaɗan ya kauce. Wallahi har na aiki Ummi ta ɗauko min abin goge farcen uwarta in faɗaɗa tsagin.

Allah ya kawo ƙanena a daidai lokacin. Ya riƙe min hannu ya ce, "Yaya, don Allah tsaya. Tun da AMD, masu yin furosesarka, suka fito da AM5 a 2022, wato irin mazaunin furosesa da ke madabod ɗinka, DDR5 kaɗai yake ɗauka. Da gangan aka kautar da tsagin saboda irinku." Irinmu, in ji shi.

Washegari na koma shagon ina sunne kai. Mutumin kirki, bai yi dariya ba sai da na juya baya. Na yi ciko na karɓo DDR5 mai gudun 6000.

Wannan karon ta shige, ƙas. Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Na ƙirga talatin, na kashe. Na sake kunnawa, na sake kashewa. Sau bakwai! Gumi ya jiƙa min singileti, ina ta lissafin adashen wata takwas da ya ƙone. Aka kira la'asar, na tafi masallaci a ruɗe, na manta ban kashe ta ba.

Ina dawowa na tarar da allo tar, yana jirana. Ƙanena ya ce a kunnin farko madabod kan ɗauki 'yan mintuna yana gwada RAM ɗin har su saba, ni kuma nake katse musu zance kamar mugun ƙanin budurwa. Ya leƙa ciki ya ƙara da cewa na cusa su kafaɗa da kafaɗa, alhali rami na biyu da na huɗu ake sawa don su yi aiki ta hanya biyu. Gudun ma 4800 take yi, sai da ya shiga BIOS, wato saitin madabod, ya kunna EXPO, wanda ke sa RAM ta yi cikakken gudunta.

Da ya gama ya ce a sake kunnawa, kuma allon zai ƙara yin baƙi na ɗan lokaci. Maman Ummi ta zo ta zauna tsakanina da soket, riƙe da muciya.